Jan Shokasoba da Tulunan Tsohuwa

Zauna tukuna, Malam Tanimu. Ka ce kana son ka sauya wa a-kori-kurarka shokasoba, kana tambayata inda ake samun manya masu ɗaga mota. Zan gaya maka shagon da za ka je, amma sai ka fara jin wannan.

An yi wani direba a wani ƙauye na bakin fadama, yana da tsohuwar a-kori-kura, mahaifiyarsa kuwa maginiyar tukwane ce. Duk ranar kasuwa shi yake kai mata tuluna gari. Hanyar duk gargada ce, shokasoban motar masu rage mata girgiza kuma sun gaji, tana tafe tana rausaya kamar kwalekwale. Saboda haka yakan shimfiɗa ƙaiƙayi mai kauri, ya jera tulu ashirin kacal, ya bi hanya a hankali har masu keke su wuce shi suna yi masa dariya. Shekara tara yana haka bai taɓa fasa ko murfi ba. Ana nan sai idon tsohuwa ya fara yana, hannunta ya fara rawa, ta ce ginin wannan rani shi ne na ƙarshe. Wata uku tana durƙushe a kan yumɓu, tana laluben bakin tulu da yatsa inda ido ya kasa, har ta gasa tulu sittin da manyan randuna shida. Ɗan ya ƙudura a ransa zai gyara mota ya kwashe su a sawu ɗaya, ya sa tsohuwar a gaban mota, ta je ta ji da kunnenta yadda kasuwa ke yabon aikinta. Niyyarsa mai kyau ce, wallahi, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Makanikinsa ya ce masa ya shiga gari, ya nemi shagon kayan gyaran da mai shi ya daɗe a zaune, wanda in kaya ya ba da matsala za a same shi gobe. Ya ce masa ya tafi da tsohon shokasoban a hannu a gwada tsawo, ya sayi na ƙirar motarsa, ya kuma danna da hannu ya ga yana shiga a hankali yana fitowa a hankali. Ya ce to. Amma a bakin tasha sai ya ga wani ya baza kaya a kan buhu, ciki har da wasu shokasoba jajaye, dogaye, masu kauri, suna ta sheƙi. Mai kayan ya rantse masa cewa da waɗannan ko ƙwai ya ɗauko ba zai motsa ba. Ashe tsofaffi ne na babbar mota, an wanke an fesa fenti, cikinsu ya riga ya ƙage. Ko mazauninsu ba su shiga ba sai da mai walda ya ƙara ƙarfe, amma wannan bai sa ya yi tunani ba, tun da bayan mota ya ɗaga kuma 'yan tasha suna ta sa albarka. Ranar kasuwa ya rage ƙaiƙayi don wuri ya isa, ya loda kayan kaf, tsohuwa ta shiga gaba da sabon zanenta, ya ba mota wuta yadda bai taɓa yi ba. Da suka hau gargadar farko, bayan motar ya dinga dukan ƙasa kamar taɓarya a turmi. Shi ƙarar inji ta hana shi ji. Ita kuwa ta ji, domin babu tulun da ba ta san muryarsa ba. Ta dafa hannunsa ta ce, "Tsaya haka, ɗan nan. Sun tafi." Ta sauko ta zagaya baya, ta sa hannu cikin fasassun tukwanen tana lalube, ba ta sami ko ɗaya da rai ba. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta goge hannu a sabon zanen ta ce ya mai da ita gida. Washegari ya koma tasha, babu mai buhu babu dalilinsa. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ƙara taɓa yumɓu ba, kuma yau a gidan maginiyar nan da bokitin roba ake ajiye ruwan sha.

To, Malam Tanimu, ciro tsohon naka mu tafi da shi shagon da na sani, ka bar zancen manya. Motarka tana kai ka tana dawo da kai, kada ka yi irin ta mutumin nan da Hausawa suka faɗa: garin neman gira, an rasa ido.