Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar cire baƙin ciki, makoki ba ya wuce kwana uku. Rana ta huɗu da rasuwar ɗanta, Hansatu ta je asibiti, ba don tana so ba.

"Faɗi sunan yaron a nan," in ji wata ma'aikaciya, tana miƙo mata na'ura. "Da kin faɗa, kin manta da yaron."

Ɗan fari ne. Shekara guda tana alkunya, bakinta bai taɓa kiran sunansa ba.

"Baiwar Allah, akwai layi fa."

"Sagiru," ta ce a hankali. Ashe haka sunan yake da daɗi a baki.

A hanyar gida ta tsaya, tana mamakin ruwan nonon da ya jiƙa mata riga.