Mai Hoton Amare da Tsohon Anini

Ranar wata Laraba da hantsi, wata mata mai ɗaukar hoton biki ta yi sallama a zauren wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda aka ce mata yana cigiyar mai hoto. Shekara da shekaru ta yi tana bin gidajen biki da kyamara a wuya, har ciwon gwiwa ya sa ta a gaba, likita ya ce in ba ta bar doguwar tsayuwa ba, wata rana sai an ɗauke ta. Aikin zaune take nema ido rufe, ga shi ba ta da wata sana'a sai wannan. Shi kuwa dattijon tsofaffin kuɗi yake tarawa tun yana saurayi, su anini da ɗari da kwabo mai huji da taro da sisi da fataka, akwatin ƙarfe guda. Ganinsa ya yi rauni, yana so a ɗauki hoton kowanne a fito masa da shi babba, ya riƙa kallo, jikoki ma su gani. Bai buɗe mata akwatin ba. Anini ɗaya ya miƙo mata a ƙunshin takarda, wanda hannayen mutane suka suɗe har ya koma kamar maɓalli. Ya ce, "'Yata, in na karanta shekararsa a hotonki, aikin akwatin nan duka naki ne. Amma kar ki wanke, kar ki goge. Dattin da ke jikinsa ya girmi babanki."

Ta koma gida tana ganin aiki ya ƙare. Wadda ta saba jera amarya da ƙawayenta, wannan ta ƙifta ido, waccan ta ce a sake, ina anini zai ba ta wahala, abin da ba ya motsi ba ya tsiwa? Ta aza shi kan tebur, ta watsa masa hasken fitilar kyamara gaba da gaba, yadda take yi wa amare. Abin da ya fito sai wani farin faifai mai rami a tsakiya, ba rubutu ba zane. Ta ƙara haske, ya ƙara ɓacewa. Ta ari gilashin da ke jawo ƙaramin abu kusa, ta ɗaura, sai wata matsala ta ɓullo: rawar hannun da ba a gani a hoton mutum, a nan sai ta dama komai kamar kunu. Ƙanwarta ta leƙo ta ce, "Yaya, kina ta wahal da kanki. Toka da lemun tsami kawai yake so, yanzu ya yi ƙyalli kamar sabon kwano." Ta ce mata ta je da tokarta, ta naɗe aninin ta kulle a aljihun tebur.

Ba ta sake taɓa kyamara ba sai da ta zauna ta tambayi kanta abin da hasken nan nata yake yi. Nan ta gane. Duk gwanintarta ta ɓoye aibi ce. Tana zuba haske tsakiyar fuska ne don ƙuraje su ɓace, tamoji su kwanta, fata ta fito sumul. Shi ya sa a gidan biki ba ta yarda tsohuwa ta zauna gefen taga, domin hasken da ya zo ta gefe ba ya rufa asiri, sai ya tono zanen aska a kumatu layi bayan layi. To, rubutun anini zanen aska ne. Hasken da ta yi shekaru tana gudu shi ne ya kamata ta nemo.

Da safe ta kashe fitilar kyamara ta ajiye ta gefe. Ta ja tebur zuwa taga mai kallon gabas, ta shimfiɗa baƙin karan-miski, ta ɗora aninin da gefen yatsu. Ta kafa kyamara kan ƙarfenta mai ƙafa uku tana kallon ƙasa, ta saita ta yadda za ta ɗauka da kanta bayan an cire hannu. Ta jawo kujera ta zauna. Hoton farko inuwa ta yi yawa, sai ta jingina farar takarda a ɗaya gefen ta mayar da ɗan haske. Rana ta ɗaga, zane ya gudu, ta haƙura sai washegari. Haka ta riƙa yi, tana juya aninin kaɗan-kaɗan, kamar mai juya waina a tanda, tana ɗauka tana dubawa tana sharewa. Tauraron da ke jikinsa ya fara fitowa, tsini bayan tsini. Lambobi uku na shekarar suka bayyana, ta ƙarshe ta ƙi, don nan ne ya fi suɗewa. Ta rufe taga, ta lulluɓe bakin tocila da farin mayafi, ta kwantar da ita daidai da tebur har haske ya zama yana rarrafe a kan ƙarfen. Lambar ta ɗago kai.

Ta wanke hoton da faɗin tire, ta kai wa dattijon tare da anininsa, da dattinsa yadda ya ba ta. Ya fito bakin zaure, ya kara hoton kusa da fuska, ya bi lambobin da yatsa ya karanta: alif ɗari tara da goma sha tara. Ya shiga ciki ya jawo akwatin, ya miƙa mata mabuɗi.

Dama Hausawa sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.