Wa Za a Ba Mabuɗin?

Kwamfutar ta fara ƙara kamar ana tauna tsakuwa, allon ya ɗauke, ya dawo. Mai hoto ya janye hannunsa ya zuba mata ido. Aikin shekara talatin da huɗu ne a cikinta: hotunan aure, na jarirai, na fasfo, har da tsofaffin na takarda da ya yi shekara biyu yana kwafewa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu rabin masu shigowa shagon hoton mamaci suke nema, shi kuma ya lalubo musu.

Mai kemis ɗin da ke jikin shagonsa ya leƙo, ya saurara, ya girgiza kai.

"Wannan ai tana kan gargara. Ka nemi kamfanin da ke ajiya a intanet ka kwashe komai can, tun ba ta yi maka tsiya ba."

Ya rubuta masa lambobi uku a bayan kwalin magani.

Mai hoto ba mutum ne mai gaggawa ba. Ya ja layi uku a takarda, ya shiga kira. Kamfani na farko wurin ajiyarsu babba ne, amma na'ura ce ta amsa, ta yi ta sa shi danna ɗaya, danna biyu, har ya gaji. Na biyu wani mutum ne mai saurin baki, wanda ya ce ko ka goge hoto bisa kuskure suna iya dawo maka da shi har bayan wata uku. Mai hoto ya rubuta wannan, ya ja layi a ƙarƙashi.

Na uku mace ce ta ɗauka. Ta yi gaisuwa, ta sanar da shi ana naɗar kiran, ta tambaye shi me za ta yi masa. Ya ƙara manna wayar a kunne, har sai da ta maimaita tambayar. Da ya faɗi sunan shagon, ta sassauta murya ta ce, "To, Baba, ina jin ka."

Nasu wurin ajiyar ya fi ƙanƙanta, ɗora hotuna a can kuma sai an yi haƙuri. Ita da bakinta ta gaya masa haka.

Washegari da ƙarfe biyu ya sake kiran na ukun, ita ce ta ɗauka. Ina ainihin hotunan suke zama? Idan gobara ta tashi a can fa? Ta ce wuri biyu ake ajiyewa, nesa da juna. Jibi ya tambayi ko ma'aikatansu na iya buɗe hotunan mutane. Ta ce a kulle suke, mabuɗin, wato kalmar sirri, na hannunsa shi kaɗai. Ranar da namiji ya ɗauka, cewa ya yi kuskuren lamba ne, ya ajiye.

Haka aka yi kwana goma sha ɗaya. Tun ƙarfe ɗaya da rabi yakan share teburin shagon, ya gyara zaman hularsa, ya juya kujerar masu jira ta fuskance shi. In kiran ya ƙare, sai ya buɗe kwanon abincin da ya dafa da kansa, ya ci a tsaye, yana kallon labulen da ake ɗaukar hoto a gabansa. Tun rasuwar matarsa babu mai tambayarsa ko ya ci.

"Kai wai auren kamfanin za ka yi?" in ji mai kemis. "Na biyun nan ya fi, ko makaho ya gani."

"Ina dai bincike."

A rana ta goma sha biyu kwamfutar ta ƙi tashi. Sau huɗu yana kunnawa, sai a na biyar ta farka. Bai jira ƙarfe biyu ba. Ya yi sa'a, ita ce a kan layi.

"Na zaɓa. Naku nake so."

"Baba, na gaya maka akwai waɗanda suka fi mu sauri."

"Na ji. Cike min takardar."

Ta bi da shi gurbi-gurbi, yana jin ƙarar madannanta. Can ta ce saura ɗaya: sunan wanda za a miƙa wa mabuɗin idan wani abu ya same shi.

"Bar shi haka."

"Ba ya wucewa sai an cike."

Ya dubi titi. Mai kemis ya girme shi da shekara shida. Ƙaninsa ya rasu bara.

"Akwai mutum ɗaya," ya ce a hankali. "Sai dai ba ni da bakin roƙonta. Ni na yi mata laifi, kuma girman kai ya hana ni faɗa."

Ya ji ta daina bugawa. Sannan madannan suka ci gaba.

"Ya wuce, Baba. Za ka ga saƙo yanzu. Kada ka kashe kwamfutar sai ta gama ɗora hotunan." Ta ajiye wayar.

Saƙon ya shigo. Ya sa tabarau, ya bi da yatsa har gurbin ƙarshe. Sunan da shi da kansa ya raɗa ne ranar suna, na yarinyar da shekara tara da suka wuce ya ce wa in ta bar shagon nan don aikin kamfani kada ta ƙara taka masa ƙofa. Ga lambar wayarta ta gida, a gurbin dangantaka kuma ta rubuta: 'yarsa.