Mamacin Da Ke Cirar Kuɗi

Tambaya tana cikin takaba wayar mijinta ta fara ƙara. Mijin nata, Malam Maikano, manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ya bar mata 'ya'ya ƙanana da gonar shinkafa a bakin kanal, wadda aka gama dashenta ana jiran taki.

Wayar tana kan tagar ɗakinsa, inda ya saba ajiye ta. Sai ta yi 'yar ƙara, fuskarta ta yi haske, ta mutu. Tambaya ba ta iya karatun boko ba. Da farko ta zaci masu ta'aziyya ne. Amma ta'aziyya ta ɗauke, ƙarar ba ta ɗauke ba. Ko tana tankaɗe a tsakar gida, da ta ji sai ta waiwaya ɗakin kamar maigidan ne zai ɗaga labule ya fito. Da abin ya ishe ta, ta naɗe wayar a tsohon rawaninsa ta tura ƙasan akwati. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada a ce zuciyarta ta taɓu.

Wata ranar kasuwa ƙanin marigayin, Mudassiru, ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Yaya Tambaya, shinkafar nan ta fara ja. In ba a zuba taki ba, za ta tsaya. Na san kuɗin tumatirin bara suna banki. Ina katinsa?"

"Wallahi ban taɓa ganin kati a hannunsa ba. Sai dai wayar nan da ta hana ni sakat."

Ya karɓi wayar ya sa mata caji a shagon maƙwabci, ya dawo yana dannawa. Tana kallonsa, sai ta ga yatsansa ya tsaya.

"Lafiya?"

"Saƙon banki ne. Wai Yaya ya ciri kuɗi."

"Yaushe?"

"Na farkon, ranar addu'ar uku."

Tambaya ta dafa bango. "Mudassiru, ba da hannunka ka zuba masa ƙasa ba?"

Ya ci gaba da gangarawa, saƙo bayan saƙo. Na ƙarshe ya nuna babu abin da ya saura.

Abokan noman marigayin ne suka warware zancen. Ashe Malam Maikano yana yawan mance lambar sirrinsa, har banki ya taɓa rufe masa kati. Sai wani mai POS da ke kafa lema a kan gadar kanal ya ce masa, "Baba, bar katin a wurina da lambar. Duk sanda kake so, ka zo ka karɓa kawai." Ya ji daɗi ya bar masa. Kuma ba shi kaɗai ba ne.

Mudassiru ya je gadar, ya tarar da ramin sandar lema kaɗai. Ya tambayi mai rake, ya tambayi 'yan acaɓa. Kowa ya san Zaharaddini mai POS, mai fara'a da gaisuwa. Amma babu wanda ya san sunan mahaifinsa ko garinsu. Da kakar tumatir ya zo, ba wanda ya tambaye shi takarda.

Mudassiru ya shiga mota zuwa bankin a Kano. Ma'aikaciyar banki ta duba ta ce, "Da kati da lambar sirri aka cira. A wurinmu, mai asusun ne ya cira da kansa."

"Hajiya, mai asusun yana kabari."

Ta ce, "Allah ya jiƙansa. Da kun sanar da mu rasuwar, da mun rufe asusun tun ranar." Aka bi sawun na'urar POS ɗin, aka tarar da sunan wata tsohuwa a wata jiha aka yi mata rajista. Tsohuwar ba ta ma san mene ne POS ba.

Shinkafar ta tsaya guntuwa, ta yi ja, ciyawa ta rufe ta, alhali ruwa na wucewa ta gefenta. Da aka zo rabon gado, dole aka sayar da gonar. Bayan ta fita takaba, Tambaya ta koma gumin shinkafar mutane a Kura, ta wuni a bakin wuta don yara su ci.

A can ne wata rana take tambayar wata mata da ita ma mijinta ya rasa kuɗinsa ta wannan hanya, yaya kamannin mai POS ɗin suke.

"Dogo ne, siriri, yana da wushirya. Yakan sa farar hula."

Muciya ta suɓuce daga hannun Tambaya. Ta tuna shi. Ranar addu'ar uku ya shigo har tsakar gida, ya durƙusa a gaban tabarmarta, ya ce, "Inna, Allah ya jiƙan Baba, uba ne a wurina." Har ya ajiye wa yara ledar biredi. Ita kuma ta sa masa albarka.

Har yau in ta ɗaga hannu za ta yi wa wani addu'a, fuskar nan ce take fara zuwar mata.

Jama'a, katinku da lambar sirrinku ba abin ba wa kowa ajiya ba ne, komai fara'arsa. In mutum ya rasu, a hanzarta sanar da bankinsa. Hukuma da masu unguwanni kuma kada su bar kowa ya kafa lemar POS sai da rajistar da ke ɗauke da sunansa na gaskiya da inda za a same shi.