Mai Kore Ko Mai Shuɗi

Kubura ta sake cewa a nuna mata mai koren.

Mufida ba ta nuna gajiya ba. Ta juyo da kwamfutar, ta matso da kujerarta kusa da ta dattijuwar, ta ɗauko bayani daga farko. Aikinta ke nan a wannan ɗan shago na bakin titin Kalgo, buɗe wa masu sana'a shagon sayarwa a intanet. Manhaja biyu take aiki da su, kuma da yake sunayensu sun ƙi zama a bakin Kubura, sai suka koma kiran su da launinsu. Mai kore tana da sauƙi a waya, amma duk wata sai an biya ta, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai shuɗi ba ta karɓar komai sai an sayar, sai dai kwandon da mai saye ke tara kaya a ciki yakan yi nauyin buɗewa idan sabis ya yi rauni.

Kubura ta san wannan duka. Tun kafin damina ta sauka take jin sa, ga shi har an fara yankan shinkafa.

Faya-fayai take saƙawa a Gwandu, masu rinin ja da baƙi, irin waɗanda ake jerawa a ɗakin amarya. Wata mai sarin kayanta ce ta fara nuna mata hoton shagon a waya, ta karanta mata sunan mai shi da ke rubuce a allo: Mufida Hamidu. Kubura ta daɗe riƙe da wayar. Da ranar kasuwa ta zagayo ba ta kai kaya ba. Ta shiga motar Birnin Kebbi, daga can ta canja ta Kalgo.

Tun daga nan ba ta rasa sabuwar tambaya. Idan mutumin Legas ya saka faifai a kwando, ya fasa saye fa? Rinin zai fito a hoto kamar yadda yake a ido? Mufida tana amsawa tana bin gilashin kwamfutar da yatsa, Kubura kuma tana bin yatsar da ido, har amsar ta wuce ba ta ji ba. A ƙarshe takan ce bari ta je ta yi shawara, ta ajiye kwalbar man shanu ko ƙwan zabi a gefen tebur, ta tafi.

A Gwandu maƙwabta sun gama yanke hukunci. Sun ce ba shago take nema ba, mata take duba wa Sambo, ɗan wanta da ya ƙi aure. Kubura ba ta taɓa musa musu ba.

Yau kuwa tun daga ƙofa ta ga sauyi. An sauke allon, an ɗaure kwalaye a lungu.

“Inna, yau kam sai mun zaɓa,” in ji Mufida, tana wasa da bakin hijabinta. “An sa ranar aurena. Angon, Kamal, a Fatakwal yake aiki, can za mu zauna. Shagon nan rufe shi zan yi.”

Kubura ta dafa tebur. “Allah ya sa albarka. Fatakwal da nisa?”

“Da nisa sosai, Inna,” in ji Mufida. “Ina so ki sayar min da faya-fayanki na jere. Ba ni da wadda za ta yi min. Mahaifiyata ta rasu tun ina goye, Baba ne ya zame min uwa da uba. Yanzu ma hawan jini ya kwantar da shi, likita ya ce kada a tayar masa da hankali ko kaɗan. Burinsa ya ga bikin nan.”

Kubura ta buɗe baki. Ta dubi fuskar yarinyar, ta ga yadda take haske in ta ambaci uban, sai ta rufe. Ta jawo buhun da ta zo da shi, ta zazzage faya-fayan duka a kan tebur, har da waɗanda ta daɗe tana hana masu saye.

“Ba na sayarwa ba ne wanga. Ki ɗauka.”

“To shagon fa? Wacce za mu buɗe?”

“Wadda za ki iya dubawa daga can.”

“Duka biyun ana iya dubawa.”

“To mai shuɗi.”

Kafin la'asar an gama. Hotunan faya-fayan suka hau, kwandon ya buɗe ba gardama. Babu sauran tambayar da za a yi.

Mufida ta rako ta bakin titi, ta riƙe mata hannu tana dariya. “Inna, kin san wani abu? Duk zuwan nan da kike yi, ban taɓa jin kin kira sunana ba. Daga ‘ke’ sai ‘ɗiyar nan’. Ko wuya yake miki kamar na manhajar?”

“Tsufa ne,” in ji Kubura. Ta zare hannunta a hankali, ta tsallaka titi ba ta waiwaya ba.

Sai da motar ta bar Kalgo ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Sunan bai taɓa yi mata wuya ba, ita ce ma ta zaɓe shi, kafin doguwar jinya ta mayar da ita gidan iyayenta, Hamidu ya aiko da saki, ya bar gari da jaririyar. Amma a gidansu uwa ba ta kama sunan ɗiyar fari, ko da kuwa an ce wa ɗiyar uwar ta mutu.