Ɗinkin Cibiyar Da Aka Ɓoye

Kwana biyu da yi wa Khairat aiki aka sallame ta daga asibiti. Wani ƙari mai ruwa aka cire mata a jikin ƙwan haihuwa, da irin aikin nan na zamani da ba a tsaga ciki. Huda uku kawai aka yi mata, mafi girma a cibiya, inda aka zura kyamara. Likita ya ce ta bar wurin a tsabtace kuma a bushe, kada ta shafa komai, ta dawo bayan mako guda.

Tun a mota, cikin cunkoson hanyar Nyanya, mahaifiyarta Hajiya Batulu ta kafa mata doka.

"Duk wanda ya tambaya, taifod kika yi. Ke ba ki yi aure ba. Ranar da aka ji an taɓa miki mara, cewa za a yi ciki kika zubar."

"Umma, takardun asibiti fa suna nan."

"Matan layinmu takarda suke karantawa?"

Khairat tana da digiri, tana aiki a wata hukumar gwamnati, kuma ba mai haɗiye magana ba ce. Amma ta san layinsu, sai ta haɗiye wannan.

Mai taifod ba ta tafiya a duƙe, don haka ta miƙe. Kwana biyar ta koma ofis. Ta ɗaure siket daidai kan ɗinkin, ta shiga turmutsutsun bas da safe, ta dawo cikinsa da yamma. Ƙananan hudar biyu suka warke. Ta cibiya kuwa ta yi ja, ta kumbura, ta fara tsatso da ruwa.

Ranar komawa asibiti Hajiya ta hana. Ta ji an ce 'yar maƙwabtansu ta kama aiki a wurin yankar kati na ɓangaren mata. Maimakon haka ta aika garin Uke aka zo da Goggo Rakiya, ƙanwar mahaifin Khairat, wadda ta shekara talatin tana wankan jarirai.

Goggo ta ɗaga rigar ta duba. "Wannan ne kuke ta rawar jiki a kai? Cibiya ai cibiya ce, 'yar nan, da ta jariri da ta babba. Gashi take so."

"Goggo, likita ya ce kada a sa komai."

"Cibiyarki ta jarirta likita ne ya gasa miki, ko ni?"

Safe da yamma Goggo tana tsoma tsumma a ruwan zafi, ta danna a wurin, ta bi shi da man zafi. Khairat tana cije filo. Ta san ba daidai ba ne. Sau biyu tana lalubo lambar asibitin a waya, kunyar abin da za ta ce ta sa ta fasa.

Daga nan wari ya soma. Ta ƙara turare. Ruku'u ya gagare ta, ta koma salla a zaune bayan ta tura ƙofa. Zazzaɓi ya zo, ta sayi magani a kyamis ta danne shi.

Rana ta goma sha shida suna taro a ofis, ta miƙe za ta kai wa oga fayil, sai ta ji wani abu ya saki a cikinta. Mugunya da jini suka ɓata gaban rigarta a idon mutum takwas. Hussaina, abokiyar aikinta, ta cire mayafi ta rufe ta, ta ce a hankali, "Wannan ba taifod ba ne. Tashi mu tafi."

Dakta Zacharias, wanda ya yi mata aikin, ya buɗe bandejin ya daɗe yana kallo.

"Waye ya ƙona wurin nan?"

Khairat ta juya fuska bango.

Ƙwayoyin cuta sun cinye ɗinkin ciki, hanji ya fara turowa. A ranar aka sake shiga da ita ɗakin tiyata. Wannan karon tsagawa aka yi. Aka yanke naman da ya ruɓe, har da cibiyar. Aka bar raunin a buɗe, mako bakwai ana wanke shi kullum ana cusa auduga. Khairat ba ta taɓa yin ihu ba. Takan riƙe ƙarfen gado ta ce wa nas, "Ci gaba."

Matan layi suka zo dubiya su huɗu. Hajiya Batulu ta shimfiɗa musu tabarma, ta fara, "Taifod ɗin ne ya..."

"Ba taifod ba ne," in ji Khairat daga kan gado. "Ƙari aka cire min a ƙwan haihuwa. Muka ɓoye don kada ku ce ciki na zubar, ɗinkin ya ruɓe. Wadda za ta faɗa, ta faɗa yanzu ina ji."

Sai babbar cikinsu ta ce, "Hajiya, ai da kin yi magana. Bara aka yi wa Zahra tawa irinsa. Da ya fara ruwa muka koma, aka wanke aka ba ta magani. Kwana goma ta warke."

Hajiya Batulu ta ja mayafi ta rufe fuska. Har baƙin suka tafi ba ta ɗago ba.

'Yan uwa, ƙanƙantar huda ba ta nufin aikin ƙarami ne. Idan ɗinki ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da ruwa ko wari, ko zazzaɓi ya biyo baya, a koma asibiti a ranar, ban da gashi, ban da shafe-shafe. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma kada tsoron bakin mutane ya sa mu ɓoye raunin da likita ne ya kamata ya gani.