Tokar Gidan Burodi

Kiyashi ne suka haɗa Salihatu da Shamsuddeen. Ranar tana zaune a ƙofar gida da farantin tuwon madara, ya tsaya zai saya, sai ya hango layinsu suna hawa ƙafar tebur. Ya durƙusa ya share su da hularsa.

"Masu ɗanɗano sun riga ni," ya ce.

Ta yi dariya. A daren nan ta kasa karanta ko shafi ɗaya na littafin da ta aro.

Tuwon madara sana'ar mahaifiyarta ce. Da ta rasu, tukunyar da muciyar kaɗai ta bar mata, da shagunan bakin kasuwa da suka saba karɓar kayanta. Da sana'ar Salihatu ke riƙe kanta, take riƙe goggonta Iyatu.

Shamsuddeen a gidan burodi yake aiki, mutum ne mai sanyin murya. Manyansa sun zo daga Kaboji, an yi gaisuwa. Abu ɗaya kawai yake nema, ta yi masa alkawarin ajiye muciya bayan biki. Matarsa, in ji shi, ba za ta riƙa ƙirga canji da samarin shago ba. Duk sanda ya ɗauko zancen, sai ta sunkuyar da kai ta sako wani.

Bai taɓa yin fushi ba. Hasali ma da damina ta faɗi, kiyashi suka fara leƙowa ɗakin da take yanka tuwon, shi ya kawo magani: toka daga tandar gidan burodi, cike da leda.

"Itacen ƙirya muke ƙonawa, tokarsa ta fi ta murhu ƙarfi. Ki zagaye ƙafafun tebur da bakin ƙofa. Kada ki share."

Ta zagaye. Da safe kiyashin sun ninka.

"Haka suke yi kafin su ƙaura," ya ce, ya ƙaro wata leda.

Ta zuba kananzir a ramukansu. Ta tsoma ƙafafun tebur a gwangwanayen ruwa. Ta liƙe tsagar bango da siminti. Suka ɓullo ta ƙasan ƙofa, ta taga, har cikin murfin roba. Goggo Iyatu ta riƙa mamaki, wai a zamaninsu kiyashi ba ya tsallake toka.

Mai shago na farko ya dawo mata da roba guda, baƙi ƙirin da su. Na biyu ya ce yaran makaranta sun fara kiran kayanta mai nama. Na uku kuwa ya koma karɓar na wata. Kowace yamma Shamsuddeen na zuwa zaure da ledarsa, ya zauna ya taya ta jimami.

"Wataƙila Allah ne ke hutar da ke, Salihatu."

Ranar Juma'a ta wanke tukunyar mahaifiyarta ta kife. Ta yanke shawarar yau za ta ba shi amsar da yake jira, kuma da tuwo da miyar kuka za ta tarbe shi. Sai ta tarar kanwa ta ƙare.

"Ga toka jibge a gida kina neman kanwa?" in ji Goggo. "Jiƙa ki tace, haka muke yi a Ibeto."

Salihatu ta ɗebo daga sabuwar ledar, ta jiƙa, ta tace. Ta tsoma ɗan yatsa don ta ji ko ta yi kaifi. Ta daɗe tsaye da yatsan a baki. Ta sake tsomawa. Daga nan ta shiga ɗaki ta tsuguna, ta kalli yadda kiyashin ke bin zoben tokar, kowanne da farin abu a baki.

Da la'asar Shamsuddeen ya iso, fuskarsa a sake. Ba ta kawo tuwo ba. Kofi ta ajiye a gabansa.

"Kurɓa, Yaya Shamsu."

Ya leƙa kofin, ya gane ruwan toka ne. Bai taɓa shi ba.

"Ka daɗe kana neman alkawari, ga shi yau," ta ce. "Gobe da asuba zan ɗora tukunyar Innata. Kuma ko maza sun ƙare a Kontagora, ba zan auri mutumin da ya zauna ya daka sukari a cikin toka ya miƙo min da sunan magani ba."